Kwana Ashirin Babu Yayyafi

Wanda ya shiga unguwar gangaren kogi a Mai Wurno da hantsi, ba sai an nuna masa gidan Mero ba, hancinsa zai kai shi. Kowane gida ƙura yake tashi, nata kuwa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan, tun tana amarya, ba ta taɓa bari rana ta ɗaga ba ta share gida ta bi shi da yayyafi ba, daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gadaje. La'asar ta yi, ta sake ɗaukar jardal, wato bokitinta na ƙarfe, ta sake zagayawa. Ko ranar da aka fita da gawar mijinta sai da ta yi, mata suna riƙe ta tana fizgewa, wai masu gaisuwa ba za su zauna mata cikin ƙura ba. Wasu suka ce tsabta ce, wasu suka ce taurin kai. Wanda ya san Mero zai ce duka biyun ne, kuma taurin kan ya ɗan rinjaya.

Abin yana da asali. A kambo aka haife ta, irin 'yan bukkokin da leburori ke zama a gefen gonakin audugar Jazira. Tana da shekara bakwai aka rataya mata buhu ta shiga tsinkar auduga. Ruwan kambo daga nesa ake ɗauko shi a ka, ɗigo ɗaya ba a yarda ya taɓa ƙasa a banza ba, saboda haka ƙura suke ci, ƙura suke shimfiɗawa su kwanta. Da aka kawo ta Mai Wurno gidan Abdussalami ta ga kogi ga shi nan kwance ba mai gadinsa, sai ta ɗaura ɗamarar ramuwa a kan ƙura, kuma ba ta kwance ba.

Shi Abdussalami mai kula da injin ban ruwa ne a bakin kogi, wanda ke shayar da gonakin ayaba da albasa. Mutum ne marar yawan magana, kuma duk zamansu ilmin inji guda ɗaya ya koya mata: duk abin da ya ɗauki zafi, ruwa yake so. Rana ta take, yakan jiƙa buhu ya ɗora wa injin a ka. Mero ta karɓi wannan karatu hannu biyu. Yaro ya yi zazzaɓi, jiƙaƙƙen tsumma. Tulu, jiƙaƙƙen buhu. Akuya tana haki, a watsa mata. Har rediyon marigayin ta taɓa lulluɓewa, kuma da ya daina magana ta ce dama ya tsufa.

Haihuwa shida ta yi, huɗu suka tsaya. Mata biyu aure ya kai su nesa, ɗaya Damazin ɗaya Gadarif. Mustafa, namijin, ya tafi arewa haƙar zinariya, sai a yi wata uku ba a ji muryarsa ba. Saura auta, Hanaa, wadda kanta ya ɗauki karatu har ta kai jami'a a Khartum, tana karanta ilmin haɗa sinadarai. Mero ba ta taɓa gane me ake haɗawa ba. Ta dai san 'yarta in ta zo hutu bakinta ba ya rufuwa.

Sai yaƙi ya tashi. Hanaa ta iso gida bayan kwana huɗu a hanya, da jaka ɗaya. Mero ta buɗe jakar tana neman kayan wanki, ta tarar da riga biyu kacal, sauran wurin wata 'yar na'urar auna zafi ce mai doguwar waya, da ƙaramar kwalba an naɗe ta da ɗankwali. A cikin kwalbar wani gari ne ruwan toka, bai fi cokali uku ba. Mero ta ce a ranta, mutane na gudu da gwal, tata ta gudo da toka.

Shekara biyu Hanaa ta yi a gida, kuma shekarun nan sun fi tsinkar auduga gajiyar da Mero. Yarinyar da ta tafi da baki ta dawo ba baki. Ta kwanta ta juya fuska bango, a kai mata abinci ta ci loma uku ta ture. Ba ciwon da za a ɗora wa jiƙaƙƙen tsumma, ga shi kuma tana ramewa a gaban idon uwarta. Mero ta yi addu'a har ta rasa sabuwar kalmar da za ta faɗa wa Allah.

Ana cikin zafin bazara saƙo ya zo daga malamar Hanaa, Dokta Malak, wadda gudun yaƙi ya kai wata jami'a a Malesiya. Ta ce idan garin nan na kwalba zai iya riƙe zafinsa kwana ashirin a jere bai faɗi ba, Hanaa ta riƙa turo mata lambobin awon zafin kullum, ita kuma za ta tsaya mata a ba ta gurbin ƙarasa karatu. Amma lallai a gama kafin ƙarshen watan Mayu, daga nan an rufe ƙofa.

Mero ba yarinya ba ce, ta san fassarar wannan saƙo. In abin ya yi kyau, auta ma ta tafi, gidan ya rage daga ita sai awaki. Amma ranar ta ga Hanaa ta cinye tuwo ta miƙo kwano a ƙara mata. Sai ta ce Allah ya sa a dace, kuma da gaske take.

Ɗakin ajiya mai rufin kwano Hanaa ta kwashe. A bayansa ta jera ganguna biyu, aka cika su da kashin shanu da ruwa, Mero da kanta ta yi ta jido kashin daga garken maƙwabta tana tsaki. Da ya ruɓe ya fara ba da iskar gas, sai ta taru a cikin tsohon tubun tayar tarakta, ta bi ta roba, ta ratsa wata kwalba mai farar ƙasa, ta shiga ɗakin. Can ciki, a kan bulo biyu, akwai guntun bututun ƙarfe kamar tsawon kamu ɗaya. Hanaa ta raba garin kashi uku, ta baje kashi ɗaya a kan 'yar raga cikin bututun, ta gasa shi da garwashi har ya yi zafi, sannan ta janye garwashin ta saki gas. Bututun ya ci gaba da zafi shi kaɗai, ba harshen wuta, ba hayaƙi.

Mero ta kai hannu kusa ta janye. “Wuta ba harshe? Wanga abu lafiya yake?”

“Lafiya lau, Inna,” in ji Hanaa. “Garin ne ke sa gas ya ƙone a ɓoye. Irinshi ake son sa wa injuna masu aiki da gas, ya cinye wanda ya tsere bai ƙone ba, don shi ke ƙara wa duniya zafi. Ke dai don Allah kada ki taɓa shi.”

Kada ta taɓa shi. Iyakar abin da aka ce mata ke nan. Hanaa ba ta yi zancen ruwa ba, don a wurinta abin a fili yake kamar a ce wa mutum kada ya zuba yashi a miya. Ta manta gidan wa take.

Kullum da safe Hanaa takan rubuta lamba, ta karya kumallo, ta hau hafla, wato ƙaramar bas, zuwa Sinnar inda ake samun shabaka, wato intanet, ta tura wa malamarta, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Rana ta farko da azahar Mero ta leƙa ɗakin, zafi ya mare ta a fuska. Kwano na ƙara a sama, bututu na huci a ƙasa. Tausayi ya kama ta. Wannan abin da ran 'yarta ke rataye a kansa, a bar shi ya gasu haka? Ta ɗauko jardal ta yayyafe ƙasan ɗakin sosai. Ta jiƙa buhuna uku, ɗaya a taga, ɗaya a ƙofa, ɗaya ta rataya a igiya daidai bakin bututun inda yake shaƙar iska, ta bar tazarar yatsa huɗu don an ce kada ta taɓa. Ta ja ƙofa don sanyin ya zauna. Kafin la'asar buhunan sun bushe, ta kwashe abinta. Ba ɓoyewa take ba, ita dai ba ta iya yin alheri ta tsaya tana shela. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa, Hanaa cikinsa aka haife ta, hancinta ya daina jin sa.

Lamba ta fara sauka. Kullum sai ta ragu kaɗan, a kwana na shida bututun ya yi sanyi ƙalau. Hanaa ta sake gasa shi, ya ɗan farfaɗo, ya sake mutuwa. Ta duba roba, ta canza farar ƙasar da ke tsotse damshin gas, ta zuba kashi na biyu.

Mero kuwa ta yi nata lissafin. Zafi ne ya kashe na farko, taimakonta ne bai isa ba. Saboda haka ta ninka. Buhu biyar, yayyafi sau biyu, har da kwanon ruwa a gindin bulo. Kashi na biyu kwana biyar ya yi.

Ranar Hanaa ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta ce, “Inna, ƙila aikina na shekara uku ƙarya ne. Ƙila tun can ban iya komai ba.” Ta tashi ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Mero ta tsaya da kwanon tuwo a hannu, ta san wannan kwanciyar. Washegari dai Hanaa ta lallaɓa ta zuba kashi na ƙarshe, kamar mai binne gawa. Saura kwana ashirin da uku wata ya ƙare.

Kwana biyu bayan haka hafla ta lalace a hanya, Hanaa ta dawo da azahar a bayan keken jaki. Ta tura ƙofar ɗakin ajiya, wani damshi mai ɗumi ya buso mata. Ga buhuna na ɗiga, ga ƙasa sharkaf, ga uwarta a duƙe hannu cikin jardal.

“Inna! Mi kike yi haka?”

“Sanyaya mashi nike,” in ji Mero. “Ba ki ji ɗakin ba? Ko jaki anka ɗaure nan sai ya mutu.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar farko. Amma wallahi ban taɓa shi ba. Kin ce kada in taɓa.”

Hanaa ta fizge buhunan ta yi jifa da su waje, ta buɗe taga, ta ture kwanon ruwan da ƙafa. Sannan ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, dariya da kuka suka haɗu mata wuri ɗaya. Mero ta tsaya tana kallonta, ruwa na bin gwiwar hannunta.

“Ya Inna, ya Inna,” Hanaa ta ce da ta samu numfashi. “Garin nan ƙarfe ne, faladiyam sunanshi. Jikin kowace ƙwaya akwai 'yan gurabe. Gas ya zo ya zauna a gurbi, ya ƙone, ya tashi, wani ya zo. Shi ko ruwa in ya samu gurbin nan, zama yake ya ƙi tashi. Kamar Hindu in ta shigo aron rariya.”

Hindu maƙwabciyarsu ce, kuma ba a taɓa ganin ta ari abu ta fita kafin a sauke tukunya ba. Ko a wannan hali sai da bakin Mero ya motsa.

“To in ruwa ya cike guraben, gas bai da wurin zama, khalas, shi ke nan, wuta ta mutu. Kuma ƙonewar kanta gumi take fitarwa, ruwa ne. Shekara uku ina neman abin da zan haɗa mashi ya jure gumin kanshi, kuma na samu. Amma ba ya iya ɗaukar nashi ya ɗauki naki.”

“Ubanki ya ce duk abin da ya ɗau zafi...”

“Injin Baba daban. Wanga zafin shi ne ranshi. In ya huce, nan ruwa ya fi kama shi.”

Mero ta dubi jardal ɗin kamar yau ta fara ganinsa. Kwana goma sha uku tana kashe 'yarta da hannunta, tana jin daɗi wai taimako take. Kunya ta rufe ta, irin wadda tsoho ke ji in ya gane abin da ya riƙe shekara arba'in bai kai ko'ina ba. Ta ce, “Ma'alesh, ɗiyata, ki yi haƙuri.”

Allah ya taimaka kwana biyu kawai na ƙarshen ya sha. Hanaa ta gasa shi da garwashi tsawon yamma har damshin ya bar shi, lamba ta hau ta koma inda take. Amma lissafi ya koma farko, kuma kwana ashirin da ɗaya suka rage. Ta roƙi uwarta kada ruwa ya kusanci ɗakin, ko ƙofarsa. Mero ta ce a'a, gidan gaba ɗaya za ta bari, don hannunta bai san iyaka ba, in ya fara sai ya kai bango.

Haka gidan Mero ya yi ƙura. Ta kwanta a kan tabarma, ta shiga kwanuka, ta hau gashin ido. Da safe Mero takan share, ƙurar ta tashi ta yi shawagi ta dawo inda take, kamar da gayya. La'asar ta yi, hannunta ya riƙa ƙaiƙayi, ta rasa inda za ta sa shi. Kambo ya dawo mata sabo, har ɗanɗanonsa a harshe. Hindu ta shigo, ta dubi tsakar gida, ta dubi Mero, ta ce, “Hajja, jikin ne?” Kafin magariba unguwa ta gama yanke hukunci cewa tsufa ya kama Mero.

Amma ba ƙurar ce ta fi cin ta ba. Tun ranar da aka yi mata bayani wani tunani ya shige ta ya ƙi fita, shi ma kamar Hindu. Yanzu ta san abin da ke kashe garin. Ta san ba wani kashi bayan wannan. Abin da zai hana auta tafiya yana nan a gindin randa, kuma ba ya buƙatar ƙarfi ko wayo. Kullum lamba na tsaye, kullum Hanaa na ƙara cika kwano, tana waƙa a wurin wanki, kullum kuma Mero na jin ranar tafiya na matsowa.

A kwana na goma sha bakwai, da azahar, ta tsinci kanta a ƙofar ɗakin ajiya da jardal cike a hannu. Ba ta tuna lokacin da ta ɗebo ba. Hanaa na Sinnar. Wayar Mustafa wata huɗu ba ta shiga. Gidan shiru, sai kukan kwano a rana. Tafi uku na ruwa yau, uku gobe, a ja ƙofa, wa zai sani? Za a ce garin ne bai jure ba. Hanaa za ta zauna, wata rana ta yi aure a nan kusa, a samu mai miƙo wa Mero ruwa ranar da ƙafa ta ƙi.

Ta so ta yi. Ba amfanin a gyara mata zance, ta so ƙwarai. Ta tsaya har hannunta ya sage, ƙarfen jardal ya yi mata shaida a yatsu. Abin da ya tsayar da ita ba wani dogon tunani ba ne, ta ƙofar ɗakin kwana da ke buɗe ta hango gadon Hanaa, da bangon da yarinyar ta kalla shekara biyu, har wurin ya yi duhu daidai inda goshinta ke taɓawa. Wadda za ta zauna mata, waccan mai kallon bango ce, ba mai waƙa a wurin wanki ba. Mero ta juya ta kai wa awaki ruwan, ta zauna a gindin turke ta yi kukanta, awaki na sha ba ruwansu.

Ranar ashirin lamba na nan inda take. Hanaa ta dawo daga Sinnar tun daga bakin ƙofa take kiran Inna, ta rungume ta har suka kusa faɗuwa. Dokta Malak ta ce ta taho Bur Sudan, birnin bakin teku, maza a fara neman takardun tafiya. Kwana uku ta haɗa jakarta, wannan karon da riguna, ta kwance bututun ta naɗe shi da ɗankwalin nan. Mero ta raka ta tasha, ta yi mata addu'a, ta ce ta riƙa cin abinci. Ba ta faɗa mata zancen kwana na goma sha bakwai ba, kuma ba za ta faɗa ba.

Washegari da sassafe ta ɗauki tsintsiya da jardal. Ta share, ta yayyafa, ƙasa ta sha ruwa tana ƙara, ƙamshin da ta yi kewa ya tashi ya cika gidan. Ta bi ɗaki ɗaki har ta zo na ajiya, ta tura ƙofa.

Ƙurar kwana ashirin na kwance a ƙasa, lallausa, kuma duk sawun Hanaa ne a cikinta. Ƙafa ba takalmi, daga ƙofa zuwa wurin bulo, daga bulo zuwa taga, wani kan wani. Ga gurbin gwiwoyinta biyu inda take durƙusawa ta karanta lamba. Ga inda ta dafa da tafin hannu za ta tashi, yatsu biyar a fili.

Mero ta riga ta tsoma hannu ta ɗebo. Ta tsaya da ruwan a tafinta, yana zurara ta tsakanin yatsu yana komawa cikin jardal, har ya ƙare. Ta goge hannun a zaninta, ta ja ƙofar a hankali don kada iska ta shiga, ta sa sakata.

Har yau gidan Mero na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa safe da yamma, ban da ɗaki ɗaya. Hindu ta tambaye ta ya fi sau goma me ta ɓoye a ciki. Amsar ba ta canzawa.

“Ba komi. Ɗakin ne ba ya son ruwa.”